Yadda Mota Ta Kai Mai Saye Ƙofar Manomin Inabi

A shekarar 1934 gonakin inabi na yankin Pfalz a Jamus sun yi albarka fiye da kima, giyar inabi ta yi kwantai, farashi ya faɗi warwas. Gwamnatin Nazi ta ƙara dagula lamarin da ta takura wa Yahudawa 'yan kasuwa, waɗanda ke da ƙarfi a dillancin giyar. Mafitar da shugaban Nazi na yankin, Josef Bürckel, ya samo ita ce a kawo mai saye har gona. A Oktoban 1935 aka buɗe Deutsche Weinstraße, mai tsawon kusan kilomita 85. Ba sabon titi aka shimfiɗa ba. Tsofaffin hanyoyin ƙauyuka aka haɗa, aka raɗa musu suna ɗaya. Wannan asali ba kasafai tallar yawon buɗe ido ke ambatonsa ba.

Yankin Alsace na Faransa ya bi sahu a 1953, da hanyar kusan kilomita 170 daga Marlenheim zuwa Thann. A daidai wannan zamani kamfanin Westfalia ya fara sanya gado da kabad a cikin ƙaramar bas ta Volkswagen, wadda ta fito a 1950. Matafiyi ya samu masauki mai tafiya da shi.

Saura wurin ajiye motar da dare. A 1993 tsarin France Passion ya fara haɗa masu irin waɗannan motoci da manoma: baƙo ya kwana ɗaya a gona kyauta, ba tilas ya sayi komai ba. Manomi kuwa ya san wanda ya ɗanɗana giya da yamma, kuma ba zai tuƙa mota ba sai safe, da wuya ya tafi hannu rabbana.