Ƙodagon Dogon Hutu: Matasan Amurka da Gidajen Lilo

A rubuce-rubucen Amurkawa na tarihin rayuwa akwai wani jigo da ke yawan dawowa, wato begen watannin nan uku na dogon hutu da marubuci ya yi yana saurayi, yana yagar tikiti ko sayar da alewa a wajen shaƙatawa mai lilo da jiragen wasa. Mu da muke nazarin adabi mun saba da kewar ƙuruciya. Abin da ya ja hankalinmu a nan shi ne, aiki ne mai tsayuwa cikin rana da ƙarancin lada, amma ake tuna shi kamar biki. Domin gane dalili sai mun koma ga tarihin wuraren.

Tushen abin yana Coney Island, a gaɓar teku ta birnin Niyok. A 1884 LaMarcus Thompson ya kafa wani ɗan jirgi mai hawa da gangara a kan dogo, ana biyan santi 5 a hau. A 1893 kuma, a bajekolin duniya na Shikago, George Ferris ya tsayar da ƙaton lilonsa mai siffar ƙafar keke, tsayinsa ƙafa 264, da ɗakuna 36. Daga nan sai aka shiga kewaye fili da katanga a tara wasanni a ciki: Steeplechase a 1897, Luna Park a 1903, Dreamland a 1904. Wannan na ƙarshe gobara ta cinye shi a 1911. Da jirgin ƙarƙashin ƙasa ya isa wurin a 1920, sai talakan birni ya sami damar kai iyalinsa bakin teku da santi 5.

To amma wannan kasuwa ta lokaci ce. A arewacin ƙasar ana buɗe irin waɗannan wurare ne daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba, sannan sanyi ya rufe su. Shi ne lokacin da muke fassarawa da bazara, ko da yake ba ita ce bazararmu ta kafin saukar damina ba. Magidanci ba zai jingina cin iyalinsa ga aikin wata uku ba. Ɗan makaranta kuwa hutunsa ya faɗo daidai wannan tsakani, ba ya biyan haya, ba ya ciyar da kowa. Ke nan buƙatar mai wuri da zaman banzan ɗalibi ne suka haɗu, kowa ya ga riba.

Doka ma ta taimaka. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta sa mafi ƙarancin lada santi 25 a awa, ta kuma taƙaita aikin yara, har ya zama shekara 14 ce farkon shiga yawancin ayyukan da ba na gona ba. Sai dai a cikin dokar, kamar yadda aka yi mata gyare-gyare daga baya, akwai wata kafa: wurin shaƙatawa da ba ya aiki fiye da wata 7 a shekara ba a tilasta masa biyan mafi ƙarancin ladan tarayya ko kuɗin ƙarin lokaci. A ganinmu wannan sakin layi ɗaya ya fi duk wani bayani nuna dalilin da ya sa masu wuraren suka riƙe matasa hannu bibbiyu. Masu bege ba su cika ambatonsa ba.

Abin da suke ambata, kuma da gaskiyarsu, shi ne 'yanci. Karon farko ke nan da yaro ya riƙe kuɗin guminsa, ya yi dare a waje da izini, ya ga yadda manya ke sakin jiki su yi ihu a kan lilo. Ɗan wasan barkwancin nan Steve Martin ya fara sayar da littafin jagora a Disneyland yana ɗan shekara 10, jim kaɗan bayan buɗe wurin a Kalifoniya a 1955, daga baya ya koma shagon kayan dabo, inda ya koyi sarrafa 'yan kallo. Ya ba da labarin a littafinsa Born Standing Up na 2007. Fim ɗin Adventureland na 2009, wanda aka gina labarinsa a kan hutun 1987, shi ma daga wannan rijiya ya sha.

Akwai waɗanda begen bai haɗa da su ba. Wurare da dama sun daɗe ba sa barin baƙar fata su shiga. A 1960 ɗaliban Jami'ar Howard suka yi ta zanga-zanga a ƙofar Glen Echo, kusa da Washintan, har aka buɗe wa kowa a 1961. Gwynn Oak na Baltimore bai buɗe ba sai ranar 28 ga Agusta 1963, ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. Sannan ga batun haɗari. Action Park na jihar New Jersey, wanda ya yi aiki daga 1978 zuwa 1996, ya yi ƙaurin suna wajen damƙa wa yara matasa kula da wasanni masu hatsari, kuma aƙalla mutum 6 suka rasa rayukansu a can.

Yawan matasa masu aikin ya ragu ƙwarai. A 1978 kusan kashi 58 cikin 100 na 'yan shekara 16 zuwa 19 suna da aikin hutu. A 2010 adadin ya sauko kimanin kashi 30, domin karatun ƙari da shirin shiga jami'a sun cinye hutun. Manyan wuraren sai suka juya ga ɗaliban ƙasashen waje masu zuwa da bizar J-1, su yi wata uku ko huɗu su koma gida.