Farfesa David Warrell da Gwajin Minti 20

David Warrell likita ne ɗan Birtaniya, an haife shi a 1939, ya zama farfesa a Jami'ar Oxford. A farkon shekarun 1970 ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, yana duba waɗanda rai ke hannun Allah: masu ciwon haukan kare da waɗanda maciji ya sara.

A 1977 shi da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan saran kububuwa, macijin da ya addabi makiyaya da manoma a Arewa. Sun nuna cewa dafinta na hana jini daskarewa. Sai a ɗebi jinin mutum a zuba cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, a gaggauta ba shi allurar kashe dafi. Har yau Hukumar Lafiya ta Duniya na koyar da wannan gwaji.

Don haka jama'a, in kun kira gida Kwoi ko Kafanchan, ku tuna musu: saran maciji, asibiti kai tsaye, ban da tsaga ko ɗauri.