Mai Duba Shagon Magani: Daga Sansanin Afshin zuwa Allurar Sanƙarau ta 1995

A shirin kiwon lafiya da nake gabatarwa a rediyo, tambayar da masu saurare suka fi aiko mana ita ce: yaya mutum zai bambanta maganin gaskiya da na jabu? Amsar ba ta da daɗin ji, domin mai saye ba ya iyawa. Tuwo in ya lalace hanci zai gaya maka, yadi in sharara ne ido zai gani, amma ƙwayar magani fara ce tas ko da alli aka yi ta. Shi ya sa tun da daɗewa hukuma ke sa wani ya duba shi a madadin mai saye. Tarihin wannan mai dubawa nake so mu ɗan bi.

Masanin tarihin likitoci Ibn Abi Usaibi'a ya kawo wani labari daga zamanin Halifa Mu'utasim, wanda ya yi mulkin daular Abbasiyawa daga 833 zuwa 842. Babban kwamandansa Afshin yana sansanin yaƙi, sai likita Zakariyya al-Ɗaifuri ya ba shi shawarar ya jarraba masu sayar wa mayaƙa magani. Afshin ya ɗauko wata takarda ta sunaye, ya tsamo guda ashirin waɗanda babu ruwansu da magani, ya aika a sayo masa su. Wasu suka ce ba su taɓa jin waɗannan magunguna ba. Wasu kuwa suka karɓi kuɗi, suka ƙunso abin da ya samu suka miƙa. Afshin ya kori duk wanda ya karɓi kuɗi, ya bar waɗanda suka ce ba su sani ba.

Daga baya aikin ya zauna a hannun muhtasibi, wato jami'in hisba mai kula da kasuwa. A ƙarni na 12 malami Shaizari ya rubuta wa masu hisba yadda za su gano algus a magunguna, har ya ce a riƙa duba kayan masu magani kowane mako. Dalilinsa shi ne cutarwar ha'incin magani ta fi ta kowane ha'inci, tunda mara lafiya ne ke sha.

Mu dawo gida Nijar, bayan samun 'yancin kai. A 1962 gwamnati ta kafa ofishin ONPPC, aka ɗora masa shigo da magani da rarraba shi a ƙasa. Muddin ƙofar shigowa ɗaya ce, tsaronta bai yi wuya ba. Sai ga watan Janairun 1994, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Maganin da ake sayowa daga waje ya yi tsadar da talaka ba ya iya kai hannu. Nan kasuwar 'yan tallan magani ta buɗe sosai: a tasha, a kasuwar ƙauye, a faranti bisa kai, a bayan keke, ƙwayoyi suna shan rana ana sayar da su ɗaya-ɗaya kamar alewa.

Shekara guda bayan haka, a 1995, annobar sanƙarau ta afka wa Nijar, ta kama mutane fiye da 40,000. Cikin taimakon da aka samu har da allurar riga-kafi kimanin 88,000 da ta zo kyauta daga Nijeriya, ɗauke da sunayen kamfanonin Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka fara lura cewa garin allurar ba ya narkewa yadda ya kamata, kuma akwai wasu baƙaƙen zare-zare a ciki. Da aka bincika, sai ta tabbata kamfanonin ba su suka yi ta ba, kuma babu sinadarin riga-kafi a cikinta. Kafin a ankara an riga an yi wa mutane fiye da 50,000, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutuwar mutum 2,500. Iyaye sun yi layi cikin rana da 'ya'yansu, sun koma gida da kwanciyar hankali, ashe babu abin da ya tsare su.

Abin lura a nan shi ne wannan allura ba a faranti aka saye ta ba. Ta ƙofar hukuma ta shigo, da kwali mai kyau da sunan kamfani sananne. Jarrabawar Afshin ba za ta kama ta ba, domin maƙaryacin zamani ba ya ƙunso maka ganye, kwali yake bugawa. Saboda haka aikin mai dubawa ya tashi daga kallon magani kawai, ya koma bin sawunsa: wa ya yi shi, wa ya shigo da shi, wa ya ajiye shi, a wane hali?

Wannan ne sufeto ke nema idan ya shiga farmasi a yau. Zai tambayi lasisin buɗe shago, ya tabbatar akwai ƙwararren mai haɗa magani da ke tsaye a kan aikin, ba yaron shago kaɗai ba. Zai nemi rasit na dillalin da hukuma ta amince da shi, ya gwada lambar rukunin da ke jikin kwali da wadda ke takarda. Zai duba ranar ƙarewar aiki. Zai buɗe firji ya ga ko sanyinsa na tsakanin digiri 2 zuwa 8, domin allurar riga-kafi da insulin zafi na kashe su ba tare da kamanninsu sun canza ba. Zai duba kundin da ake rubuta magunguna masu sa maye irin su tramadol. In ya yi shakka, ya ɗebi samfuri ya aika ɗakin gwaji.

Dokokin da suka ba shi wannan iko, yawancinsu bayan an yi jana'iza aka rubuta su. A Nijeriya yara 109 sun rasu a 1990 bayan shan ruwan farasitamol mai guba, sannan aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. A Nijar an kafa ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, a 1996, dokar harhaɗa magunguna kuma ta fito a Janairun 1997. Duk da haka ɓarawo bai tuba ba. A 2015 da 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake yin gargaɗi a kan allurar sanƙarau ta jabu a Nijar, a 2022 kuma yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne sufeto shagon da ke da allo da adireshi yake zuwa. Manyan farmasi sun taru a Yamai da Maraɗi da Damagaram da sauran birane, alhali yawancin jama'a a karkara suke. Uwar da ɗanta ke zazzaɓi da tsakar dare a ƙauye, mai faranti ne kusa da ita, kuma shi ne zai sayar mata da ƙwaya biyu daidai kuɗin da ke ɗaure a bakin zanenta. Za a iya ƙwace kayansa a ƙone yau, jibi wani ya maye gurbinsa, muddin babu magani mai inganci kuma mai araha a kusa. Idan ana so duba ya yi amfani, dole a haɗa shi da kai maganin gaskiya inda mutane suke.

Kafin a kai ga haka, ga abin da nake gaya wa masu saurarena. Ka saya a shagon da hukuma ta sani, ka karɓa cikin kwalinsa, ka karanta ranar ƙarewa ko ka sa a karanta maka. Sannan ka riƙe ma'aunin Afshin, domin har yau yana tona asirin mai shago ko da bai tona na kwali ba. Mai maganin da kowace cuta ka ambata yana da ƙwayarta, ka yi hattara da shi. Wanda ya iya ce maka "babu", ko "wannan sai da takardar likita", to shi ne za ka kai wa takardar ɗanka. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.