BADAGIRI: GAƁAR TEKUN DA KE RIƘE DA TARIHINMU

Gabatarwa

Duk wanda ya je Badagiri, yamma da Ikko dab da iyakar Jamhuriyar Benin, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne rairayi da itatuwan kwakwa da masaukan baƙi irin su Whispering Palms, inda masu hali ke zuwa shan iska. Ɗan ƙauye irina daga Dandamisa sai ya ɗauka wurin bai shafe shi ba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa ya shafe mu ƙwarai.

Hanyar da ta haɗa mu da teku

A watan Disamba na 1825 Bature Kilafatan ya taso daga Badagiri, ya bi ta ƙasar Oyo da Borgu da Nufe, ya ratsa Zariya da Kano cikin 1826, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1827. Ba shi ya share wannan hanya ba, fatake ya tarar a kanta. To, ba haja kaɗai ke gangarawa kudu ba, har da mutane. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun jefa Hausawa da dama cikin bauta, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin ruwa.

A Badagiri akan tsare bayi a kurkuku, sannan a ƙetare da su a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, su taka zuwa inda jirage ke jira. Wurin nan ne ake kira "inda ba a komowa". Har yau ana nuna wa baƙi sarƙoƙi da mari a gidan tarihin zuriyar Mobee, da ɗakunan tsare bayi na gidan Seriki Abass.

Bayan ƙetare teku

Da yawansu Bahiya ta ƙasar Birazil aka kai su. Abin tausayi, noman rake aka sa wasunsu, wato dai irin aikin da iyayenmu ke yi a fadamun Maƙarfi da Kudan, sai dai can ba lada sai bulala. Amma ba su sunkuyar da kai ba. Hausawa ne suka ƙulla yunƙurin tawaye na 1807, suka kuma ja gaba a na 1814. A babban boren Musulmi na birnin Salbado a 1835 ma akwai su, ko da yake Yarabawa suka fi yawa, kuma an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Waɗanda suka kuɓuta a Ikko kuwa, daga cikinsu Gulba ya ɗebi dakarunsa na Hausawa a 1863, tushen sojan Nijeriya.

Kammalawa

Ba laifi ba ne mutum ya huta a bakin teku. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: Turawa sun saya, mu ma a cikinmu an sami masu sayarwa. Saboda haka ina kira ga wannan ƙungiya tamu da ta shirya ziyarar Badagiri, mu je da alƙalami da takarda. In mun dawo kuma mu zauna da tsofaffin garuruwanmu, mu rubuta abin da suka ji game da waɗanda aka yi kudu da su, tun kafin ƙasa ta rufe idanunsu.