Taragan da Toronto ta yi wa ritaya, Legas ta taya

1/
Makon jiya na shiga J5 daga Goronyo zuwa Sakkwato. Buhunan albasa a baya, mu a gaba, ƙofa kuma da igiya aka ɗaure ta. Na tambayi direba shekarun motar. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wagga ta girme ka. Turawa sunka gama da ita, 'yan Kwatano sunka gama da ita, kana ta zo hannuna." Tun daga Wurno har muka shiga gari maganar nan nake juyawa, don ta tuna min da wani ciniki da aka kusa yi wa Najeriya, na tsofaffin taragan jirgin ƙarƙashin ƙasa. Zare ne mai tsawo, ku gyara zama.

2/
Na san wani zai ce, kai ɗan Rima, ina ruwanka da jirgi? Gaskiya ne, dogo bai taɓa zuwa wajenmu ba. Ya iso Kano a 1911. Reshen da ya nufo yamma ya taso daga Zariya, ya bi Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga. Nan ya tsaya har yau. Ko zamanin da Sardauna, haifaffen Rabah, yake Firimiyan Arewa, babban ƙarin da aka yi gabas ya nufa, ya isa Maiduguri a 1964. Kakana yakan ce jirgin Sakkwato a Ƙaura ya yi barci, ba a samu mai tada shi ba.

3/
Amma bashin da ake ciwowa a sayi jirgi, da sunan kowa ake cin sa, har da mai noman tafarnuwa a fadamar Wurno wanda bai taɓa jin ƙarar jirgi ba. Shi ne ruwana.

4/
Bari mu fara da Legas. A 1983 gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin birni. Sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen shekarar, a 1985 gwamnatin Janar Buhari ta soke aikin. Aka yi fiye da shekara 20 ba labari, sai zamanin gwamna Fashola aka kama gina wanda ake kira Shuɗin Layi. Kamfanin CCECC na China ke gina hanyar. Saura tambaya ɗaya: ina za a samo taragan?

5/
A daidai lokacin, can Kanada, birnin Toronto na shirin sallamar tsofaffin taragansa. Iri biyu ne, H5 da H6. An ƙera H5 a ƙarshen shekarun 1970, H6 kuma a ƙarshen shekarun 1980. Sababbi masu suna Toronto Rocket sun fara aiki a 2011, don haka tsofaffin dole su ba da wuri. H5 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a watan Yunin 2013, H6 a Yunin 2014.

6/
Ku lura da abu ɗaya a nan, don shi ne gindin maganar. Taragan nan ba mutuwa suka yi a kan hanya ba. Ranar da aka sauke su, da safe sun ɗauki fasinja. A irin waɗannan birane, tun ranar da aka sayi tarago ake lissafa masa kimanin shekara 30. Kafin ya kai, an fara neman kuɗin magajinsa. Dalili kuwa ba wai ƙarfen ya ƙare ba ne. Kayan gyara ne ke fara wuya, kamfanin da ya ƙera wata na'ura ya rufe, ƙofa ta riƙa maƙalewa, kuma tarago ɗaya in ya tsaya cikin rami duk jiragen bayansa sun tsaya. Idan kuɗin lallaɓa shi ya fi kuɗin sabo ciwo, sai a sallame shi yana da sauran ƙarfi.

7/
To wannan sauran ƙarfin aka so a sayar mana. A 2011 aka ji cewa wani kamfani mai suna Eko Rail, wanda aka shirya zai gudanar da Shuɗin Layi, zai kwashi taragai 255 daga Toronto. Jaridun Legas suka ɗau zafi. Wasu na cewa an mai da mu juji, wasu na cewa da babu gara ba daɗi.

8/
Ga wani abin da ba kowa ya kula da shi ba a lokacin. Faɗin dogon Toronto milimita 1,495 ne, awon da kusan su kaɗai ke amfani da shi a duniya. Wanda ake shimfiɗawa a Legas 1,435 ne. Bambancin milimita 60 kawai, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ya isa ya hana tarago hawa. Wato kafin ko ɗaya ya motsa a Legas sai an taɓa ƙafafunsa gaba ɗaya, ban da gyaran wuta da na ciki. Araha ta fara zama tsada tun kaya ba su hau ruwa ba.

9/
An kwashi wasu daga cikin H5 zuwa Buffalo a Amurka don a yi musu wannan gyara. Can suka zauna. Cinikin ya wargaje, Legas ta juya ta sayi sababbi daga China, taragan kuma aka yanka su aka sayar da ƙarfen. Ko ɗaya bai ɗauki fasinja a Najeriya ba.

10/
Ni a ganina rushewar cinikin nan alheri ce, kuma ba don gwanjo abin kunya ne ba. Ku yi lissafi. Shuɗin Layi bai fara ɗaukar fasinja ba sai 4 ga Satumba 2023, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2. Da an kawo H5, da sun yi shekara goma suna jiran hanya a iskar gishirin bakin teku, kuma ranar da za su fara aiki sun haura shekara 40. Kamar ka sayo tsohon sa don huɗa alhali gonar ba a ko share ta ba.

11/
Kada ku ɗauka Legas ta rabu da gwanjo daga nan. Jan Layi, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2024, labarinsa ya fi ban dariya. Jihar Wisconsin ta Amurka ta ba kamfanin Talgo odar jirage biyu a 2009. Aka zaɓi sabon gwamna a 2010, Scott Walker, ya ƙi aikin. Jiragen suka ƙare a ajiye, sababbi fil, har da shari'a a kotu. A Janairun 2022 gwamna Sanwo-Olu ya je Milwaukee aka sanar Legas ta saye su. Wato su ma Turawan suna da gwamnan da ke zuwa ya watsar da aikin na gabansa, ba mu kaɗai Allah ya jarraba ba.

12/
Ban da waɗannan, an kuma kawo tsofaffin jiragen Ingila da ake kira InterCity 125, ƙirar tsakanin 1975 da 1982, waɗanda kamfanonin can suka sauke. Sa'annin H5 ne. Abin da aka ƙi ta ƙofar Kanada ya shigo ta tagar Ingila.

13/
Shin sayen tsohon jirgi kuskure ne? Ba koyaushe ba. Jakarta ta Indonesiya ta daɗe tana jigilar jama'arta da jiragen da Japan ta sauke, kuma suna aiki, don an haɗa da horar da makanikai da hanyar samun kayan gyara. Amma akwai labarin da ya kamata duk mai sa hannu a irin wannan takarda ya sani, na Buenos Aires, babban birnin Ajantina.

14/
A 2011 birnin ya sayi tsofaffin taragai daga Madrid ta Sifen, ƙirar shekarun 1970. Aka yi ta murna an samu araha. A Fabrairun 2018 ta bayyana cewa akwai asbestos a jikinsu. Kun san shi, irin abin da ke cikin tsohon silin da rufin wasu gine-ginen gwamnati. In yana zaune lafiya lau, amma in aka goge shi ko aka fasa, ƙurarsa na shiga huhu, kuma cutar kan ɗauki shekaru kafin ta fito. Wa ke shaƙar ƙurar? Ba wanda ya sa hannu ba. Makanikin da ke kwance ƙarƙashin tarago ne. Aka janye taragan, aka samu ma'aikatan gareji da tabo a huhu, magana ta kai kotu tsakanin birane biyun.

15/
Abin mamaki, wannan birnin dai shi ne ya riƙe taragan katako ƙirar Beljiyam daga 1913 har Janairun 2013. Shekara kusan ɗari suna aiki kullum. 'Yan Beljiyam na gaske ke nan, ba irin wayoyin da ake sayar mana da sunan ba. Sirrin ba wani abu ba ne, garejinsu ya san kowane ƙusa a jikinsu, abin da ya lalace su ƙera shi da hannunsu. Tsohon da suka sani ya yi musu ƙarni, baƙon tsohon da ba su bincika ba bai kai shekara goma ba.

16/
New York kuwa teku ta zuba nata. Daga 2001 zuwa 2010 an cire wa taragai sama da 2,500 ƙafafu da tagogi da ƙofofi, aka wanke mai da gurɓataccen abu, aka ɗora su a kan jirgin ruwa aka tura cikin Tekun Atlantika, don su zama maɓoyar kifi. Masuntanmu na Goronyo ba za su yi mamaki ba, sun san kifi na son inda itace ya nutse. Wasu taragan nasu kuma, R32, da suka fara aiki a 1964, sai a Janairun 2022 aka yi musu tafiyar bankwana, mutane suka yi layi don su hau na ƙarshe.

17/
Mu dawo gida. Mun taɓa yi wa jirgi ritaya yadda ya kamata? E, sau ɗaya dai na sani. Akwai ƙaramin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka kammala a 1914 don kwasar kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai aikinsa ya ragu. A 1957 aka rufe shi a hukumance, da rana da wata, aka kuma ajiye wasu kawunan jirgin da taragai a gidan tarihi na Jos. An yanke shawara, an sa hannu, an adana abin tunawa.

18/
Bayan wannan, yawancin abin da ya biyo baya ba ritaya ba ce, yasarwa ce. Hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta yi ta ganin masu ceto. An kawo Indiyawa na kamfanin RITES a 1979 suka riƙe ta shekaru kaɗan. A 1995 gwamnatin Abacha ta ba CCECC kwangilar gyara da kawo sababbin kawuna da taragai. Kowane zuwa da sabon kaya daga sabuwar ƙasa, kowanne da irin kayan gyaransa. In ɗaya ya tsaya sai a ciri na jikinsa a tada ɗan'uwansa, gobe shi ma ya tsaya. A ƙarshe a tura su gefen tasha, ciyawa ta fito ta cikin tagogi, awaki su samu inuwa, 'yan jari bola su fara zagaye. Ba ranar da za ka nuna ka ce yau aka sallami wannan tarago.

19/
Kuma yanzu muna da awo biyu a ƙasa ɗaya. Tsohon dogo, har da na Ƙaura, milimita 1,067 ne. Sababbin, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, 1,435 ne. Taragon wancan ba ya hawa wannan. Ma'ana duk tsofaffin taragan da ke Zariya da Kano da Kafanchan, ranar da sabon layi ya kama aiki sosai, sai an yanke musu hukunci, ko a ci gaba da kula da tsohon dogo don su, ko a sallame su.

20/
Sababbin ma agogonsu na tafiya. Taragan farko na Abuja zuwa Kaduna tun 2016 suka fara aiki. Jirgin cikin Abuja da aka buɗe a 2018 ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024. Shekara huɗu a ajiye, amma roba da batir da waya ba su san an dakatar da aiki ba, tsufansu suke yi. Toronto kuwa, taragan T1 da ta saya daga 1995 zuwa 2001, tun kafin su cika 30 aka yi ta ja-in-ja kan kuɗin magadansu, har gwamnatin tarayyar Kanada ta amince a 2024 za ta sa nata kason don sayen jirage 55.

21/
Duk lokacin zaɓe sai an ce mana dogo zai taso daga Gusau ko Ƙaura ya iso Sakkwato har Illela. Allah ya sa mu gani, don albasar da ke ruɓewa a hanya kaɗai ta isa dalili. Amma ranar da aka zo da hotunan jirgi ana yanka kintinkiri, ni abin da zan tambaya: wace shekara aka ƙera shi, wa ya hau shi kafin mu, ina garejinsa, yaran wane gari aka koya wa gyaransa, kuma kuɗin wanda zai gaje shi a aljihun wa yake. Direban J5 ɗin nan ya fi mu shiri, don ya gaya min yana zubin adashi duk ranar kasuwa saboda ranar da injin zai ce ya gaji.

22/
'Yan'uwa da ke Legas, masu sayar da albasa a Mile 12 da masu bin hanyar Agege, in ɗayanku ya hau Jan Layi, ya duba jikin tarago wajen ƙofa ko can ƙasa. Akan samu ɗan farantin ƙarfe da sunan maƙera da shekara. Ku ɗauko min hotonsa ku ajiye a ƙarƙashin zaren nan, ina son ganin na Ingilan.