Injin yankan icce mai shan esansi: abin da za a duba kafin a fidda kuɗi

Akwai tambaya guda da ke yawan zo mana, daga masu saurare na Tsernawa, Dogerawa, Badagishiri da Tajaye, da kuma ƴan uwa da ke ci-rani a Abijan, Kumasi, Legas, Libiya da Aljeriya: wane injin yankan icce ya kamata a saya? Shi ne wanda ake kira tronsonez. Wani yana son ya saya ma ƙanensa ya samu sana'a, wani ƙungiyar garinsu ce ta haɗa kuɗi. Kuɗin ba kaɗan ba ne, shi ya sa muka tattara bayanin wuri guda.

Amsar a taƙaice: injin kirki shi ne wanda ya dace da aikinka, wanda kuma in ya lalace akwai bakanike da kayan gyaransa kusa da kai. Inji komai sunansa, in sai an jira wata biyu kafin a samo masa sarƙa, ƙarfe ne kawai ajiye a zaure.

A fara da takardar izini

Kafin maganar inji, a yi maganar doka. Dokar gandun daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004, ita ce ta tsara yadda ake sarar icce. Akwai itatuwan da aka kare, irin su gawo, waɗanda ba a sare su sai da izini na musamman, ko da a gonarka suke. Wanda zai yi sana'ar icce, shi ma sai da takarda. Don haka tafiya ta farko ofishin jami'an gandun daji ce, na Ƙonni, Malbaza ko Illela, ko wakilinsu na karamar hukumarku. Ka gaya musu iccen da kake son yankewa da inda yake.

Dalilin a fili yake. Gawon da ya yi shekara talatin yana girma, inji zai kwantar da shi kafin shayi ya tafasa. Kowane manomi ya san yadda hatsi ke kyau a ƙarƙashin gawo, ya san kuma amfanin layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska. Aikin da ya dace da inji a yankinmu shi ne rage rassan dogon yaro da suka hau kan ɗaki, yanka iccen da guguwar damina ta kayar, sarar turaren da mutum ya dasa da hannunsa, da daddatsa busasshen icce.

Girman inji gwargwadon aiki

Ana auna girman inji da lambar cc da ke jikinsa ko kan kwali. Akwai kuma dogon ƙarfen da sarƙa ke gudu a kansa, bari mu ce masa takobi.

- Daga cc 30 zuwa 40, takobi santimita 35 zuwa 40: na rage rassa da iccen girki na gida. Nauyinsa wajen kilo 4. Stihl MS 180 irinsa ne.
- Daga cc 45 zuwa 60, takobi santimita 40 zuwa 50: wannan ne ya fi dacewa da yawancin aikin ƙauye, dogon yaro, turare da bagaruwa. Stihl MS 250 da injinan Sin masu lamba 5200 da 5800 suna cikin wannan sahu.
- Daga cc 65 zuwa sama: na mai sana'a da ke yini yana yanka manyan gungume. Misali Husqvarna 365 da 272 XP, ko Stihl MS 381.

Akwai babban nan Stihl 070 mai cc sama da 100, wanda masu tsaga katako a dazukan kudu suka saba da shi. Nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa takobi, yana shan mai sosai, kuma yawancinsu ba su da birkin sarƙa. Wanda ya gan shi a Gana ko kudancin Najeriya kar ya ce shi zai aiko gida. Itatuwanmu ba su kai nan ba, mai sabon hannu kuma ba zai iya da shi ba.

Kar a ruɗu da tsawon takobi. Dogon takobi a kan ƙaramin inji wahalar da injin yake yi. Takobi mai santimita 45 na iya yanka gungumen da ya kusa ninka tsawonsa, in an yanko ta ɓangare biyu.

Na asali, na Sin, da jabu

Stihl kamfanin Jamus ne da aka kafa a 1926, Husqvarna na ƙasar Suwidin, Echo na Japan. Injinansu suna da tsada amma suna jure aiki shekara da shekaru. Makita ya daina ƙera masu shan esansi a 2022, saboda haka mai sayen nasa ya fara tambayar kayan gyara.

Injinan Sin masu lamba 5200 da 5800 suna da araha, kuma da yake sunaye da yawa ƙira ɗaya ce, kayan wani na shiga wani. Ga mai aikin lokaci-lokaci ba laifi, in dai ya san abin da ya saya kuma ya biya kuɗin da ya dace da shi.

Abin gudu shi ne jabu, wato injin araha da aka yi wa fenti da sunan babban kamfani, a sayar maka da tsada. Ga abin dubawa:

- Sunan: a karanta harafi bayan harafi, don wani lokaci harafi ɗaya suke canzawa.
- Lambar inji: ta asali a jikin ƙarfen aka buga ta, kuma ta yi daidai da ta kan takarda.
- Roba da kusoshi: na jabu robarsa na da kaifin baki, murfinsa ba ya zama daidai.
- Farashi: in sabon Stihl ya zo da kuɗin injin Sin, to injin Sin ne.

Rubutun ƙasar da aka ƙera shi kaɗai bai isa hujja ba, domin Stihl na da masana'antu a Jamus, Amurka, Barazil da ma Sin. A nemi rasit mai ɗauke da lambar inji da sunan shago.

Tambayi bakanike kafin ka tambayi mai shago

Ka je wurin mai gyaran injin ban ruwa ko janareta na garinku, ko cikin Ƙonni da Galmi inda aikin lambu ya tara masu gyara, ka tambaye shi wane irin inji ya taɓa buɗewa, kuma ina ake samun kayansa: nan Ƙonni, Illela ta Najeriya, Sakkwato, Maraɗi ko sai Yamai. Abubuwan da suka fi saurin ƙarewa su ne sarƙa, buji, igiyar tayarwa, matatar iska, tiyon mai da fatun karbireta.

Sarƙa ba kowace ke shiga kowane inji ba. Lambobi uku ake dubawa, galibi suna rubuce a gindin takobi: tazarar haƙora (irin 3/8 ko .325), kaurin gindin sarƙa, da yawan gaɓoɓinta. A rubuta su a ajiye, ko a ɗauki hotonsu a waya.

Ga ɗan uwa da ke waje: kafin ka saya, turo hoton injin da lambarsa ta WhatsApp a nuna ma bakanike. In ka saya, haɗo da sarƙa biyu ko uku, buji, matatar iska da magagarin wasa haƙora daidai da sarƙar. Sau da yawa ya fi sauƙi ka turo kuɗin a saya nan, inda za a iya mayar wa mai shago in an ga matsala.

In na hannu ne

Kar ka yarda a tayar maka da shi kafin ka iso, inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Ka taɓa ka ji da sanyi, sannan a ja igiya gabanka. Ka riƙe hannun igiyar ka saki injin: mai lafiya a hankali zai sauka, in ya zube lokaci guda to ƙarfinsa ya tafi. Bakanike ya cire salansa ya leƙa fistan, in akwai zane-zane a jikinsa ka bar shi. In injin na aiki ba a taɓa totur ba, sarƙa ta tsaya cik. A kuma nuna bakin takobi ga katako ko kwali a ba shi wuta, ya kamata a ga layin mai ya fantsama.

Mai shi ne ransa

Yawancin injinan da ke mutuwa a hannunmu mai ne da ƙura ke kashe su. Wannan inji ba shi da wurin zuba man inji daban kamar mota. Ana gauraya esansi da man da aka rubuta 2T a jikinsa. Stihl da Husqvarna, da man 2T mai kyau, awonsu 50 da 1 ne: mililita 100 cikin lita 5. Yawancin na Sin 25 da 1 suke nema: mililita 200 cikin lita 5. A bi abin da takardar injin ta ce, a kuma samu sirinji ko kwalbar awo, ban da ƙiyasi da ido. Esansi zalla, ko sau ɗaya ne, na iya ƙone fistan cikin ƴan mintuna.

In wurin ƴan ruwa-ruwa aka sayi esansi, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, don ruwa da yashi na toshe karbireta. Gaurayen da ya wuce wata guda kar a zuba shi. A girgiza jarkar kowane lokaci kafin a zuba.

Tanki na biyu na man sarƙa ne. Duk sanda aka cika esansi a cika shi. Baƙin man da aka juye daga mota yana cinye famfo da takobi, a guje shi.

Lokacin hunturu da ƙura, a wanke ko a kakkaɓe matatar iska kullum bayan aiki. Iccen da ya kwanta a ƙasa a share masa yashi kafin a yanka, kuma kar sarƙa ta taɓa ƙasa. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa, in ka ga gari kamar na tuwo to ta dakushe, a tsaya a wasa. Busasshiyar ƙirya da aduwa suna saurin cin haƙora.

Lafiyar mai riƙe da shi

Sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda. In saman bakin takobi ya taɓa reshe, injin na iya zabura ya dawo wa mutum a fuska. Wannan ne amfanin birkin sarƙa, wato marfin da ke gaban hannun hagu: in aka tura shi gaba sarƙa ta tsaya nan take. Injin da ba shi da birki, ko birkinsa ba ya kamawa, kar a saya ko da kyauta-kyauta ne.

A riƙe da hannu biyu, ba a yanka sama da kafaɗa, ba a hawa icce ko tsani da shi in ba a koya ba. A cire babbar riga da rawani mai lilo, a sa takalmi rufaffe, tabarau, safar hannu, hular kwano da abin toshe kunne. A kori yara da dabbobi nesa, aƙalla ninki biyu na tsawon iccen. Reshen da ke kusa da wayar lantarki a sanar da NIGELEC tukuna. Kuma kar mutum ya tafi daji shi kaɗai, domin daga gona zuwa asibitin Galmi ko na Ƙonni tafiya ce, jini kuma ba ya jira.

Wanda aikinsa bai wuce kwana biyu ko uku a shekara ba, gara ya ɗauko mai inji ya biya shi, ko a haɗa kuɗi a saya na ƙungiya a damƙa wa mutum ɗaya da ya koya. Mai ƙarin tambaya ya kira mu lokacin shirin manoma, ko ya aiko da saƙo. Allah ya sa albarka a nema, ya kare mu daga tsautsayi.