Ranar da tukunya ba ta ganin nama

Yaƙi ne ya haifi wannan al'ada, tun kafin a yi zancen ɗumamar duniya. A 1917, da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, Herbert Hoover, shugaban hukumar abinci, ya roƙi iyalai su haƙura da nama ran Talata, domin a ciyar da sojoji da ƙawayen ƙasar a Turai. Da aka ajiye makamai, tukwane suka koma yadda suke.

A 2003 wani gwanin talla, Sid Lerner, tare da jami'ar Johns Hopkins, ya tono dabarar, ya maida ita Litinin, ya jingina ta ga lafiyar zuciya. Hujjar da ta fi amo ta zo a 2006, lokacin da rahoton FAO ya ɗora wa kiwo kashi 18 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Hukumar ta sauke adadin zuwa 14,5 a 2013.

Faransa ba ta tsaya ga roƙo ba. Daga Nuwamba 2019, doka ta wajabta wa makarantu abinci marar nama sau ɗaya a mako. A 2021, da magajin garin Liyon ya janye nama daga abincin ɗalibai na ɗan lokaci, da hujjar korona, makiyaya suka kawo taraktoci da shanu har ƙofar ofishinsa.